Firam Mai Gurbi Biyu

Tun watan Janairu na sayi firam ɗin, ana saura wata huɗu biki. Na katako ne mai gurbi biyu, hoto ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na rataye shi a falo babu komai a ciki, daidai saman talabijin, inda duk wanda ya shigo sai ya gani ya yi tambaya. Tambayar kuwa nake so. Mijina Arlen ya dubi firam ya dube ni ya ce, "Rhonda, yaushe aka fara cinikin kifi yana cikin ruwa?" Na ce masa ya je ya ji da taraktocin mutane da ke jiransa a gareji, ya bar masu ilimi su yi shirinsu.

Masu ilimin mu biyu ne, ni da 'yata Maren. Ranar sha huɗu ga Mayu za mu hau dandamali ɗaya, cikin riga iri ɗaya, mu karɓi difloma daga hannu ɗaya. Ni ina da shekara arba'in da shida, ita tana da sha bakwai, ko takardar gama sakandare ba ta karɓa ba.

Ni ce direbar bas ɗin sakandaren garinmu Ulvik. Ban da jigilar safe da ta yamma, ina da wata ta ƙarfe sha ɗaya saura kwata. In kwashi yaran da ke ɗaukar darussan kwaleji in kai su birnin gunduma, mil talatin da biyar, masara a dama masara a hagu, in jira su awa uku in dawo da su. Duk darasin da yaro ya ci a rubuta masa kiredit uku, sakandare ta ƙirga masa, kwaleji ma ta ƙirga masa. Wanda ya tara sittin a ba shi difloma, ya shiga jami'a ya tarar an yafe masa shekara biyu. A nan Minnesota yanzu uwar da ɗanta bai tara ko kiredit tara ba, a coci ƙasa-ƙasa take magana.

Shekara goma sha biyu da suka wuce na gaji da zaman gadin mota ina cika cikina da kofi. Na kulle bas na bi yaran ciki, na yi rajistar darasi ɗaya. Tun daga nan ɗaya-ɗaya nake ɗauka, kowane zango guda, in ban da shekarar da aka yi wa Arlen aiki a baya da shekarar da mahaifiyata ta rasu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Na daɗe ɗin kuwa. Yaran da na fara zama aji da su har sun fara miƙo mini nasu 'ya'yan a ƙofar bas.

Maren tana da shekara biyar na fara. Da nata lokacin ya zo, ni na zauna na tsara mata jadawali, darasi biyar kowane zango, babu ragi. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, a gidanmu uwar ce ta yi rarrafen, don haka na rantse 'yar sai ta yi gudun mutum biyu. Ta bar ƙungiyar mawaƙan makaranta saboda lokacin ya ci karo da ilmin sinadarai. Ta bar ƙwallon kwando saboda rubutun tarihi. Abincin ranarta a bas take ci, burodi mai yankan nama a tsakiya, hannu ɗaya abinci hannu ɗaya littafi. Kujerarta ita ce ta bayana daidai. In na ɗaga ido na dubi madubi, sauran yara ina ganin haƙoransu da fitinarsu, ita kuwa tsagar gashin kanta kawai nake gani, ta sunkuya tana karatu. Shekara biyu ina kallon tsagar nan ina jin kaina yana ƙara girma.

Akwai kuma Connie Aasen. Ajinmu ɗaya a sakandare. Ita ta wuce jami'a, ni na tsaya tatsar shanun babana da ya kwanta ciwo. Yanzu ita ce mai rubuta jaridar garinmu da ke fitowa duk Alhamis, ita ce mai ɗaukar hoto, ita ce mai gyara wa mutane magana ko ba su roƙe ta ba. Duk Mayu takan buga hoton yaran da suka karɓi difloma kafin takardar sakandare. Bana ta yi mini alkawarin shafin farko: uwa da 'ya a rana ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, na fi son shafin nan a kan diflomar kanta.

Ana haka, a tsakiyar Maris wasiƙa ta zo daga kwaleji. Na buɗe a tsaye a kicin, na karanta sau uku, sannan na nemi kujera. Wai darasin ilmin halittu da na fara da shi ya wuce shekara goma, kuma darasin kimiyya in ya wuce shekara goma ba a ƙirga shi. Kiredit ɗina hamsin da bakwai ne, ba sittin ba. Sai in sake shi a zango mai zuwa, in hau dandamali baɗi. Ashe ina zubawa ta sama yana tsiyayewa ta ƙasa.

Maren ta shigo ta tarar da ni da takarda a hannu. Ta karɓa ta karanta, ta ce, "Kai, Mama, wannan ai zalunci ne." Na ce mata babu komai, ita dai ta mayar da hankali ga karatunta, ɗayan gurbin zan sa hoton kare. Na faɗa da murya mai rawa, irin wadda uwa ke yi in tana so a san ta yi haƙuri. Daren nan ban ci abinci ba, na kuma tabbatar kowa ya ga ban ci ba.

Washegari ina sauke yara na wuce ofishin rajista. Mai zama a tagar Joyce ce, shekararta ashirin a wurin, da gilashi rataye a wuya da kwanon alewa a gabanta. Duk rajistar da na taɓa yi ta hannunta ta bi.

Na ajiye mata wasiƙar na ce, "Joyce, don Allah gaya mini, cikin shekara goma kwaɗo ya sake hanji ne? Wanda na feɗe a ajin nan zuciya ɗaya gare shi. Yanzu biyu suke da ita?"

"Sannu da zuwa, Rhonda. Ɗauki alewa."

"Ba alewa ta kawo ni ba. Madara ce ilimin da za a ce ya yi tsami?"

"Ke dai bari, ni ma dokar nan ba ta yi mini ba. Amma ba ni na rubuta ta ba, ni dai karanta wa mutane nake yi su zage ni." Ta jawo aljihun tebur ta fito da wata takarda ruwan ɗorawa. "Ga takardar roƙo. Ki cika, ki rubuta dalilinki, a kai wa shugaban sashe. Wani lokaci yakan yafe. Kada dai ki sa maganar kwaɗon."

Na sa maganar kwaɗon, har shafi biyu. Amma ban gaya wa kowa a gida na shigar da roƙo ba. Na ce in aka ƙi, kada in sha kunya sau biyu. Na ci gaba da yawo da fuskar marainiya, Maren tana satar kallona a wurin cin abinci.

Mako uku ana jira. Ranar wata Laraba cikin Afrilu, Joyce ta yafito ni ta taga ta miƙo mini takardar da sa hannu a ƙasa. An yafe. Ta ce shugaban ya yi dariya har sai da ya cire gilashi. Na rungume ta ta cikin taga, na kusa kifar da kwanon alewa.

A nan ne na yi wautar da har gobe Arlen ke yi mini gori. Mai hankali da ta koma bas ta gaya wa 'yarta nan take, ga ta zaune a bayanta, tsakaninmu bai fi kamu biyu ba. Ni kuwa sai na tuna Lahadi akwai cin abincin haɗaka a zauren coci bayan sujada, kowa zai zo, har Connie da kyamararta. Labari irin wannan a ɓarar da shi a cikin mota mai warin safa? Na ninke takardar na tura a jaka. Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, na riƙe bakina, har da ƙara tsuke fuska don abin ya fi armashi.

Ranar Lahadi na jira sai da aka cika faranti da gasasshen dankali da nama, aka zuba kofi. Na miƙe na buga cokali a jikin kofi. Na ba da labarin wasiƙa, na ba da na kwaɗo, na zaro takarda ruwan ɗorawa na ɗaga sama. Zaure ya ɗauki tafi. Fasto ya ce Allah ya yi albarka. Connie ta ce, "To, shafin farko ya dawo ke nan," kamar abin ya ɗan yi mata ciwo, wanda hakan ya ƙara mini daɗi. Na juya in ga fuskar Maren. Ta yi fari fat, cokali a hannu, ko tafi ba ta yi.

A kicin ɗin coci ta same ni ina wanke tire. Ta rufe ƙofa ta ce, "Mama, yaushe aka ba ki takardar nan?"

"Laraba. Na so in ba ki mamaki ne."

"Kin ba ni kuwa. Ranar Juma'a na janye daga darasin ƙididdiga."

Ban gane ba da farko. Ta yi mini bayani kamar mai yi wa yaro. Juma'ar da ta wuce ita ce ranar ƙarshe da ɗalibi zai iya janyewa daga darasi ba a rubuta masa faɗuwa ba. Ta je ta sa hannu ƙarfe biyu saura, ina zaune a bas ina jiranta. Takardar sakandarenta ba ta bukatar darasin, jami'a ma za ta karɓi abin da ta tara. Diflomar ce dai babu. Yanzu ita ce mai hamsin da bakwai.

"Na ce ba zan hau dandamalin nan ki zauna a ƙasa kina tafa mini ba," in ji ta. "Ke shekara goma sha biyu, ni biyu. Na ce mu jira juna."

Da a fim ne da mun rungume juna mun yi kuka. Ni tire na buga a kan wurin wanke-wanke har matan da ke waje suka yi tsit. Na ce, "Wa ya aike ki? Ni na ce ki jira ni? Kin san dare nawa na yi ina tsara jadawalin nan?" Na ji tausayinta har cikin ƙashina, amma haushi ya riga tausayin fitowa, kuma haushin kaina nake ji, ita ce dai a kusa.

Ranar Talata na tuƙa bas kujerar bayana babu kowa, don Talata da Alhamis ƙididdigar kaɗai gare ta. Ina isa na faɗa ofishin rajista.

"Joyce, ke fa kika ba ni takarda ranar Laraba."

"Ni ce."

"Ke kika karɓi ta Maren ranar Juma'a."

"Ba zan iya cewa e ko a'a ba."

"Haba Joyce! 'Yata ce fa. Ni na haife ta, ni na kawo ta ƙofar nan a motata. Shekararta sha bakwai, ko maganin tari mai ƙarfi ba a sayar mata sai da ni."

"A sakandare 'yarki ce. A tagar nan ɗaliba ce, ke ma ɗaliba ce. Doka ta hana ni gaya wa ɗaliba sirrin ɗaliba, ko da ɗaya ce ta goyi ɗaya." Ta cire gilashi ta murza ido. "Wallahi Rhonda, a ce wata yarinya ta zo nan ranar wata Juma'a, to da sau uku na tambaye ta ko ta yi magana da mamanta. Har alƙalami na ɓoye na ce ya ɓata. Ta zaro nata."

Na tsaya ina huci. Sai ta sake jawo aljihun teburin nan nata, wanda da alama babu masifar da ba ta da takardarta a ciki. Wannan karon shuɗiya ce. Ta ce in malamin darasi ya yarda, ɗalibi zai iya komawa cikin mako guda, wato zuwa Juma'a ƙarfe huɗu. Malamin kuwa zai yarda, don Maren ce ta ɗaya a ajinsa. Sharaɗi guda ne: ɗalibar ce za ta sa hannu da kanta.

Na dawo gida ina waƙa. Na ajiye shuɗiyar takarda a gaban Maren a kan teburin cin abinci, na ɗora alƙalami a kai, na ce, "Ta kwana gidan sauƙi. Sa hannu a nan, mu manta an yi."

Ta dubi takardar ba ta taɓa ba. Ta ce, "Mama, kin san minti talatin da biyar ake bayarwa na cin abinci a makarantarmu?"

"To sai me?"

"A zaune. A kan tebur da ba ya motsi. Yau na ci a can. Ban ma san inda ake ɗaukar tire ba, sai da wata 'yar aji ɗaya ta nuna mini. Wata ta tambaye ni ko sabuwar zuwa ce ni. Mama, a garin nan aka haife ni."

"Abincin makarantar da kowa ke kuka da shi?"

"Ba daɗi kam. Na cinye tas." Ta yi 'yar dariya. "Kuma malamar wasan kwaikwayo tana neman mutum ɗaya, wata ta karya ƙafa. Talata da Alhamis ake gwaji. Na ce zan yi."

"Wane matsayi?"

"Baƙauya ta uku. Ina riƙe da kwando."

"Me za ki ce?"

"Ba ni da magana. In sarki ya shigo in yi mamaki, in ya fita in yi dariya."

Na dubi Arlen ya taimake ni, ya sunkuyar da kai yana yanka nama kamar an ba shi kwangila. Yarinyar da ta ci lissafin jami'a tana da shekara sha shida, ita ce za ta tsaya da kwando tana mamakin ɗan Gunderson mai gidan mai sanye da kambin kwali. Na ce, "Ba kin ce don ni kika janye ba? To ga ni, na ce ki koma."

"Ranar Juma'a don ke na yi, Allah ya sani. Yau kuma don ni ne. Saura mako bakwai in gama sakandare, Mama, ina so in ga yadda take."

Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Arlen ya ɗago ya ce, "Babban da ya hango tun Laraba ya yi shiru har Lahadi?" Ban yi masa magana ba kwana biyu.

Na manna takardar a ƙofar firji da maganaɗisu, daidai tsayin idonta. Laraba ta buɗe firjin ta ɗauki madara ta rufe. Alhamis ta dawo gida da fenti kore a gwiwar hannu, tana ba babanta labarin wasu yara da ban taɓa jin sunansu ba. Juma'a da safe takardar tana nan yadda na bar ta.

Abin da na yi daga nan ba na alfahari da shi, amma tunda na fara faɗa sai in ƙarasa. Na cire takardar na sa a jaka. Da na sauke yara a kwaleji, har da Maren ɗin, na zauna a bas na ɗora ta a kan sitiyari na rubuta sunan 'yata a ƙasa. Na ce a raina ai ni na raɗa mata sunan, aro kawai na yi. In an mayar da ita, kunya ma za ta sa ta shiga aji. Na je na tura wa Joyce ta taga ina kallon gefe.

Joyce ta sa gilashi ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Rhonda, sa hannun nan ya yi kyau da yawa. Na wata yarinya da na sani kamar kaza ta bi ta kan tawada yake. Wannan kuwa har da 'yar jela a kan harafin ƙarshe, irin ta wata mata da ta yi mini rajista sau ashirin."

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"In na karɓi takardar nan, dole in kai ta sama. In ta je sama, ɗalibar da ta rubuta ta ba za ta hau dandamali ba, bana ko baɗi." Ta turo mini ita da yatsa ɗaya. "Amma ban ga komai ba. Gilashin nan ya tsufa. Ɗauki alewa."

Wannan karon na ɗauka. Na koma bas na zauna, ba a kujerata ba, a ta Maren. Soson ya lotsa daidai jikinta. A tsagar kujerar duk ɓurɓushin burodi ne, na shekara biyu. Daga nan babu abin da mutum ke gani sai ƙeyar direba da madubi. Na yi ta gaya wa duk wanda ya tsaya saurarona cewa na ceto wa 'yata shekara biyu, ban taɓa tambayar kaina daga ina aka yanko su ba. Na yi kuka a wurin, mai majina, har ƙarfe biyu ta kusa. Sannan na yayyaga takardar na share fuska na buɗe wa yara ƙofa.

Ranar sha huɗu ga Mayu ni na tuƙa yaran zuwa bikin, don ba a samu wani direba ba. Na tuƙa da rigar yaye a jikina, hular a ajiye a gaban sitiyari. Su goma sha ɗaya ne masu karɓar difloma, ni ta goma sha biyu. Da aka kira sunana na hau dandamali, sai na ji wata murya daga can baya ta ƙwala, "Mamata ce! Shekara goma sha biyu!" Duk zauren ya fashe da dariya da tafi. Ban taɓa sanin Maren tana da murya haka ba.

A waje Connie ta jera yaran a gaban bas za ta ɗauki hotonta na kowace shekara. Na matso na tsaya a gefe ina gyara jelar hula. Ta leƙo ta bayan kyamara ta ce, "Rhonda, 'yar uwa, ko za ki ɗan ja motar gaba kaɗan? Rana tana dukan gilashin." Na shiga na ja. Kafin in sauko an gama ɗauka. Ranar Alhamis hoton ya fito a shafin farko, yara goma sha ɗaya suna murmushi, ni kuma wata inuwa mai hula a bayan sitiyari. A ƙasa an jera sunayensu, aka rufe da cewa: tare da direbarsu. Labarin uwa da 'ya ai babu shi, tunda 'yar ta fasa. Arlen ya yanke hoton ya manna a gareji, ya ce bai taɓa ganin jarida ta faɗi gaskiya haka ba.

Mako guda bayan nan aka yi wasan kwaikwayo a zauren sakandare. Na zauna a layi na biyu awa ɗaya da rabi ina jiran baƙauya ta uku. Sarki ya shigo, ta yi mamaki. Sarki ya juya zai fita, kambin kwalin ya zame ya rufe masa ido, ya yi karo da bishiyar katako ta dandamali. Dariyar da aka koya mata ta gudu, ta gaskiya ta zo. Ta saki kwandon, ta jefa kai baya, ta riƙe kafaɗar baƙauya ta biyu don kada ta faɗi. A daidai nan Arlen ya danna wayarsa ya ɗauke ta hoto.

A watan Agusta muka kai ta jami'a da kiredit hamsin da bakwai, suka karɓa ko gezau. Har yau ba ta cike ukun ba, ta ce suna nan ba sa tsami sai bayan shekara goma.

Firam ɗin yana nan saman talabijin. A dama ni ce da riga da hula, Maren ta ɗauke ni a jikin bas. A hagu hoton da Arlen ya ɗauka ne, ya ɗan karkace, kan wani mutum ya tare kusurwa. Kwanan baya Connie ta shigo karɓar tallar garejin Arlen da za ta buga a jarida, ta tsaya a gabansa ta sa gilashi.

"Wannan fa? Na zaci gurbin na difloma ne. Me take cewa a nan?"

"Ba ta cewa komai, ba a ba ta magana ba."

"To me ya sa kika sa shi?"

Na ce mata shekara biyu ina kallon yarinyar nan a madubi kullum, tsagar kanta kawai na sani. A nan ne na ga fuskarta.